Atisayen Duhu

Tana tsakiyar gugar rigar da za ta sa gobe wajen neman aiki, sai Kawu ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, da rana tsaka.

"Atisaye ne," ya ce, yana sauke labule. "Wayayyu ba sa jira duhu ya riske su."

"Haba Kawu, yaushe rabonmu da wuta? Yau fa aka kawo."

"Riƙe tocila."

Ta riƙe, don tana son ganin ƙarshen abin. Ya gwada fitilu ɗaya bayan ɗaya, har kyandir sai da ya sha jawabi. Da ya gamsu, ya mayar da makunni. Ko ƙyas, wuta ba ta dawo ba.

Maƙwabciya ta leƙo. "Ai yanzun nan suka ɗauke."

Kawu ya gyara zaman tabarau. "To, kin ga amfanin shiri?"