Hannun Kalilu Masassaƙi

Shekara biyu Kalilu bai riƙe gizago ba. Masassaƙin turmi ne a garin Babban Mutum, gadon gidansu. Tun ranar da bishiyar kiryar da yake sara ta faɗa kan ƙanensa Suhaibu ta kashe shi, hannunsa na dama ya kama zogi. An ɗauki hoto, an auna jini, ba a ga komai ba. Ciwon kuwa yana nan. Sana'ar kakanni tana shirin mutuwa a hannunsa.

A wani asibiti a Daura likita ya ce masa ciwon gaskiya ne, amma saiwarsa tana zuciya, maganinsa magana ce. Aka haɗa shi da Malama Rauda, mai kula da masu irin wannan lalura. Ta sa shi cikin zaman da maza takwas ke yi duk Laraba, kowa ya faɗi abin da ke cinsa.

Zaman yana da amfani. Alhaji Muktar, wanda ciwon kai ya daɗe yana wahalarwa, a nan ya samu sauƙi. Sai dai Alhaji Muktar, wanda har lokacin yake cikin zaman, uban matar Kalilu ne.

Ku da kuka san kunya, ku faɗa min. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, ya zai buɗe cikinsa? Kalilu ya cire takalmi, ya tsugunna a bakin ƙofa. In an tambaye shi, ya ce da sauƙi. Laraba shida haka. Aka rubuta cewa ba ya ba da haɗin kai.

Ya daina zuwa. Ya kai hannun wurin wanzami aka yi masa sakiya. Wurin ya ruɓe, ya kumbura har gwiwar hannu, aka fara zancen yankewa.

Matarsa Hasana ce ta hau mota ta iske Rauda.

"Malama, kin zaunar da shi gaban Baba, kina jira ya yi kuka? Ko ke kya iya?"

Rauda ta ce laifinsu ne su ma'aikatan asibiti, ba su tambaya ba.

Da gyambon ya warke, aka sauya masa hanya. Shi kaɗai da wani likita namiji, ƙofa a rufe. A zama na uku ya ambaci sunan Suhaibu, karon farko tun jana'iza. Likitan ya ce ya zo da gizagonsa. Makon farko riƙewa kawai. Na gaba sara goma. Zogi ya zo, ya numfasa, ya ci gaba.

Kafin kaka ya sassaƙa turmi. Ya ɗaura shi a babur har Daura, ya dire a ƙofar ofishin Rauda da hannun da aka so yankewa. Ta ce ba ta da wurin daka a nan.

"Ki ajiye shi inda za ki riƙa gani," in ji shi.

Jama'a, ciwon da awo bai gani ba ciwo ne, kuma yana da magani. Amma abin da ya warkar da wani ba lallai ya warkar da kai ba. Mai magani ya san mutum kafin ya zaɓa masa hanya. Majinyaci kuma, in hanya ba ta karɓe ka ba, ka faɗa a sauya, kada ka gudu.