Ƙofar Gidan Malam Tanimu

Tun da aka kafa sabuwar doka, ƙofar gidan da ke da haziƙin yaro ba ta buɗewa da safe sai uban ya yi masa maganar da babu karatu a ciki.

Malam Tanimu ya makara kasuwa. Ga Barira tsaye da jakar makaranta, 'yarsa ta fari, wadda don kunya ko sunanta ba ya faɗa.

"Ke, an ce kin zo ta ɗaya."

Ƙofa ko gezau.

"Allah ya sa ki zama likita."

Ko gezau.

Ya share gumi. "To... kin yi barci kuwa?"

Ƙofa ta wangale. Barira ba ta motsa ba.

"Baba," ta ce, "rabona da barcin kirki tun bara."