Mahaƙin Rijiyar da Bai Ɗaga Kai Ba

Nafi'u, ka ce mini bizar aikinka ta kusa ƙarewa, kamfanin da ya ɗauke ka bai ce uffan ba, kai ma ka ja bakinka don kada a ce ka cika gaggawa. A ganinka injiniya irinka ba a sakinsa. To, saurari kawunka ka ji wani misali.

An yi wani gwanin haƙar rijiya da aka kira shi wani gari mai nisa. A al'adar garin, baƙo ba ya zama sai da mai masaukin da zai tsaya masa a gaban sarki, kuma ranar da aikin da ya kawo shi ya ƙare, ranar izininsa ya ƙare. Wani attajiri ne ya tsaya masa, har zuwa ranar da rijiya za ta kai ruwa. Mutumin ya san aikinsa, wannan ba a ja, ƙasa kawai zai murza a hannu ya gaya maka ko ruwa na kusa. Da sassafe a zura shi da igiya, ba ya fitowa sai rana ta yi sanyi. Yana can ƙasa wani mai lambu ya leƙo ya ce shi ma yana son rijiya, in ya yarda su je fada tun yanzu ya tsaya masa. Mahaƙin ya ce ai abin kunya ne, yana cin tuwon wani ya yi ciniki da wani. Wani dattijo ya ba shi shawara ya nemi fili ya zama ɗan gari tun attajirin na bukatarsa, don ya yi masa shaida. Ya ce sai aiki ya kammala tukuna. Ayarin mutanen garinsu suka aiko cewa za su koma gida kafin kogi ya cika, in yana so su jira shi. Dariya ya yi, ya ce, "Wanda ya ba gari ruwa, wa zai ce masa tashi?" Na cikin rami sama kaɗan yake gani, shi ya sa bai ga hadari na haɗuwa ba.

Ranar da ruwa ya ɓulɓulo mata suka yi guɗa, attajiri ya biya shi haƙƙinsa cif, ya gode masa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba mugunta ya yi ba, yarjejeniyar ke nan. Mutumin ya ruga wurin mai lambu, ya tarar da wani mahaƙin a cikin rami. Ya je fada, aka ce ina mai tsaya maka? Ayari kuwa tuni ya haye kogi. Sai ya laɓe a bayan gari yana yasar rijiyoyin mutane a ɓoye, a ba shi abin da aka ga dama, ba shi da bakin kai ƙara. Da aka gano shi, dogarai suka raka shi ƙofar gari da tsakar rana, kuma duk wanda aka raka haka ba ya sake shiga. Nan ne wurin da ke ba ni tausayi, domin ta bakin rijiyarsa suka bi. Wata tsohuwa ta miƙa masa guga ya sha. Ya duba abin da zai ɗura na hanya, babu. Duk zamansa yana nema wa wasu ruwa, bai taɓa tanadar wa kansa gora ba. Haka ya fuskanci daji da ruwan da ke cikinsa kaɗai.

Nafi'u, fito daga ramin nan ka ɗaga kai. Tambayi kamfanin ko za su sabunta maka, amsa wa wasu kamfanonin da ke nemanka, ko ka dawo gida da mutuncinka tun ƙofa na buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya.