Yafiya Daga Bakin Kudus

Nimatu ta fito daga jirgin ƙasa a titin 125 tana haɗawa da gudu, tsohuwar jita rataye a bayanta tana dukan ƙugunta. Masu kasa turare a bakin titi suka bi ta da kallo, mace da hijabi har gwiwa ɗauke da kayan makaɗa. Ko a jikinta, kunya ba ta yau ba ce.

Babanta, Alhaji Gafaru, yana kwance a wani asibiti a unguwar Bronx, likita ya ce da wuya ya kai magariba. In an laƙana masa kalmar shahada yana karɓa, amma da ya dire sai ya koma kiran suna ɗaya yana hawaye: Kudus. Da hantsi ya riƙo hannunta, ya ce Kudus mawaƙi na cikin gari, yau yana wasa a wani filin shaƙatawa, ta je ta nemo masa yafiyarsa kafin rai ya yi halinsa. Ƙanenta Saeed ya ce shi zai je, ya fi ta sauri. Tsohon ya girgiza kai, ya ce ita yake so ta je.

Sai ranar ta san cewa baban nan nata, wanda ko rediyo bai yarda ta yi waƙa a gidansa ba, wanda fuskarsa ke ɓaci in ya ji Nimatu na rera wani abu a kicin, shi ne makaɗin gangar Tsawar Zango, 'yan kiɗan rok da suka taɓa girgiza Kumasi. Laifin da ya yi wa Kudus bai faɗa ba. Mahaifiyarta Adjara, wadda za ta tambaya, ta daɗe da rasuwa. Ta biya gida ta birkice kabad ɗinsa, ta ci karo da jitar a bayan akwatuna, ta ce to, ga abin da Baba ya gudo da shi.

Filin shaƙatawar ya cika maƙil. Yawanci samarin Turawa ne da suka tono tsoffin faya-fayen ƙungiyar suka haddace waƙoƙin ba tare da sun san ma'anar ko kalma ɗaya ba. 'Yan Zangon Kumasi ba su fi cikin cokali ba, su ma suna raɓe-raɓe kada wani ya kai labari masallaci.

A kan dandamali tsofaffi ne, furfura fat. Mai gangar yaro ne da suka ɗauko haya. Ɗaya yana kiɗa a zaune saboda gwiwa. Nimatu ta dube su, takaici ya cika ta: wai waɗannan ne mutum yake kuka da sunansu a bakin kabari? Sai Kudus ya matso ya buɗe baki. Muryar ta dushe, ta tsage, amma da ya ja wata waƙa ta uban da ke cigiya gari-gari, filin ya yi tsit. Ta yarda cewa ko me suka zama yanzu, mutanen nan sun taɓa riƙe wani abu na gaske, kuma bai gama suɓuce musu ba.

Wayarta ta yi ƙara. Saeed ne, ya ce numfashin ya canja, ta yi wa Allah ta yi sauri.

Ta kutsa cikin jama'a, jitar na bugun kafaɗun mutane, suna tsaki tana wucewa. A bayan dandamali wani ƙaton mai gadi ya tare ta, ya ce ba mai shiga sai da kati. Ta roƙe shi da Turanci, ta roƙe shi da Hausar da ba ya ji, ta nuna masa hoton babanta da robar iska a hanci. Ya ce ya tausaya mata, amma doka ce. Rana ta soma sunkuyawa bayan gine-gine. Nimatu ta durƙusa a wurin ta fashe da kuka.

A haka aka tashi wasan. Mai ciwon gwiwar nan ne ya fara saukowa yana ɗingishi. Ya kalle ta zai wuce, sai ya tsaya cak, ya sake kallo, ya yi salati a hankali. Bai tambaye ta ko wace ce ba, ya ce wa mai gadi ya bar ta.

Kudus na zaune kan akwatin kaya yana share gumi. Ta zube a gabansa, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba, ni 'yar Gafaru ce, mai ganga. Yana asibiti, yanzu ko an jima. Ga jitarka na dawo da ita. Don girman Allah ka yafe masa."

Ya ɗan leƙa jitar, ya ce ai wannan ta Gafaru ce, shi da kansa ya ba shi kyauta. Daga nan bai ƙara kallon ta ba, fuskar Nimatu ya tsura wa ido. Ta kira Saeed, ta miƙa wayar da hannu biyu. Kudus ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa kuwa magana ɗaya ya yi.

"Gafaru, na yafe maka duniya da lahira, tunda ka aiko."

Saeed ya ce Baba ya ji, ya ɗaga yatsa, ya daina kiran sunan Kudus. Nimatu ta kifa kai a ƙasa tana godiya tana kuka. Da ta ɗago ta ce ya yi haƙuri, in ba jitar ba ce, me Baba ya yi masa haka?

"Wasa na je yi Legas," in ji Kudus, hawaye na bin furfurarsa. "Na dawo na tarar ya gudu da matata Adjara, da jaririyar da na raɗa wa suna Nimatu goye a bayanta."