Mahaucin da Ya Ɗauka Fafewa Yanka Ce

Ƙanena, ka taɓa zama ka tambayi kanka dalilin da ya sa Bahaushe bai bar wa wuƙa da gatari kalma ɗaya ba? Nama yanka shi ake yi, itace a sare shi, turmi a sassaƙa shi, gora kuwa sai a ce an fafe shi. Ni dai abin ya daɗe yana ba ni mamaki, don duk ƙarfe ne ke shiga jikin abu. Sai da na ji labarin wani mahauci na gane cewa kowace kalma da tsawon lokacinta take tafe.

Mahaucin nan gwani ne, ko makiyayi ya ga hannunsa sai ya jinjina. Amma a duniyarsa duk aikin wuƙa yanka ne: a kayar, a yi bisimilla, a ja, an gama. Wata rana saƙo ya zo cewa ƙanwar tsohuwarsa tana kwance ba lafiya a wani ƙauye bayan daji, tana son ta gana da yayarta su yafi juna, domin sun daɗe ba sa ga maciji. Hanyar kuwa babu rijiya ko ɗaya. Tsohuwa ta ciro busasshen duma daga rumbu ta miƙa masa, ta ce, "Ungo, fafe mana gora tun yanzu, ranar kasuwa za mu tashi." Ya ce to, ya jefa shi ƙarƙashin gado. A ransa yana dariya: wanda ke feɗe sa kafin hantsi, duma ne zai tsaya masa? Bai tambayi kowa ba, don ba ya jin akwai abin tambaya. Ranar tafiya ya zare wuƙa ya yanke bakin duman tsaf, ya zazzage ƴaƴan, ya ɗura ruwa, ya ɗora tsohuwa a jaki suka kama hanya.

Ashe yanke baki farkon fafewa ne kawai. Sai an ƙwaƙule totuwar ciki, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa, a jiƙa da ruwa a bari ya kwana, a zubar, a sake, har ɗacin duman ya fita. Rana ta take, suna tsakiyar daji, tsohuwa ta nemi ruwa. Ta kurɓa ta tofar, ɗaci kamar maɗaci. Ƙishi ya matsa mata ta runtse ido ta sha, ta yi ta amai har ta kasa zama a kan jaki. Dole ya goyo ta suka juyo gida. Tana jinya yana girgiza tsakuwa a gora, kunya ta hana shi ɗaga ido. Ranar da ruwan goran ya yi daɗi, ranar ɗan aike ya yi sallama da labarin rasuwar ƙanwar tsohuwa. Tsohuwa ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

To, kai da kake cewa sai azumi ya kama za ka je ka shirya da yayanmu da kuka ɓata, ka sani ɗacin zuciya ma ba ya fita a wanki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.