Aikin Usta Ishaku Ba Ya Yoyo

Ƙusa ta ƙarshe tana bakin Usta Ishaku lokacin da ya ja baya ya dubi aikinsa. Taga shida ke jikin rumfar jirgin ruwan, kuma babu wadda ta tsira da gilashinta tun ranar da wani abu ya faɗo kusa da gaɓar Fitihab ya girgiza unguwar. Yanzu kowace ta samu falanki daidai bakinta, an ɗaure ta ciki da sanda a gicciye. Ko iskar damina ta tayar da kogin, ruwa sai dai ya gaishe su daga waje.

Ba don kuɗi yake wannan aiki ba. Ɗansa Muntasir, bakanike a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, wata huɗu ke nan yana maƙale a Alsahafa, can tsallaken kogi a Khartum. Gadoji sun rufu, masu bindigar da ke tsare bakin ruwa kuma ba sa barin saurayi ya wuce. Wanda suka sauke daga jirgi, uwarsa tambaya take yi har ta gaji. Rayyis Abdullah, mai jirgin, ya ce a rufe masa tagogi yau, shi kuma gobe ya kawo Muntasir nan Umdurman.

"Ta yaya za ka wuce da shi?" Usta ya tambaya.

"Wannan aikina ne, ya Usta. Kai dai tagogi. Tagogi kawai, khalas."

Ya faɗi haka ya ɗauki jarka ya tafi neman mai.

To, Usta Ishaku yana da wata cuta da shekara arba'in na kafinta suka sa masa: ba ya iya ganin aikin banza ya ɗauke kai. Matarsa Arwa ta sha cewa ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya girgiza ƙofar gidan ya ji ko tana zaune. Yana tattara kayansa ƙafarsa ta taka wani abu mai motsi a ƙarƙashin tabarma. Ya ture buhunan albasa, ya yaye.

Murfin ramin kaya ne. Na ainihin ya fashe tare da tagogin, wani ya yanko ƙyauren tsohon kabad ya kifa a madadinsa. Usta ya ja tsaki. Gefen bai zauna ba, yatsa yana shiga. Ga huji har goma sha biyu jere a bakin, kamar ƙwaro ya yi wa wake. Ya ɗaga ya leƙa, ya ga ramin bai wuce tsawon mutum ba, da guntun bargo da gorar ruwa a ciki. Wurin ƙailular Rayyis ke nan, ya ce a ransa.

Sai tsoro ya kama shi. Ya hango igiyar ruwa tana hawa jirgin a tsakiyar kogi, tana tsiyaya ta hujin nan tana cika cikinsa, Muntasir yana zaune a benci bai san ana nitsewa ba. A ce yaro ya tsira daga bindiga ruwa ya ci shi saboda aikin wani ɗan koyo, wannan ba da Usta Ishaku a duniya ba.

Ya kwaɓa dusar katako da gam, ya cusa a kowane huji ya danne da babban yatsa. Ya ɗiga wa kowanne kwalta, suka koma baƙaƙe kamar yadda ya same su. Ya yanko robar tsohuwar taya ya bi leɓen murfin ta ƙasa da ƙananan ƙusoshi. Da ya rufe, murfin ya zauna ɗam, sai da ya sa ƙarfi kafin ya sake ɗaguwa. Ya mayar da tabarma da albasa, bai gaya wa kowa ba, don shi ba mai neman godiya ba ne.

Washegari jirgin ya tashi bayan asuba, aka ce da hantsi zai dawo.

Hantsi ya yi ya wuce. Usta yana tsaye a gaɓa. Wani kwalekwale ya iso ya sauke tsofaffi da mata masu goyo. Wani ya biyo shi, su ma haka. Azahar ta yi, rana tana dukan yashi har takalmi yana laushi. Can iska ta taso, kogin ya fara tumbatsa, Usta ya tuna da robar nan ya ɗan samu sauƙi. Sallar ma a tsaitsaye ya yi ta, ido yana kan ruwa.

Sai bayan la'asar jirgin ya ɓullo, falankansa shida suna nan ko ɗaya bai motsa ba. Usta ya shiga ruwa har gwiwa. Mutane suka fara sauka yana duban fuskoki: tsohuwa, tsohuwa, makaho da jikarsa, mace mai ciki. Benci ya zama wayam, babu Muntasir.

Usta ya matso. Ya kama gefen jirgin.

"Ina ɗana, Rayyis?"

Abdullah ya share gumi, ya duba hagu da dama, ya yi masa hannu ya hau. A gajiye yake, amma murmushi yake yi.

"Awa bakwai suka tsare mu a rana, ya Usta. Sun zazzage kowace jaka, har kan albasar nan suka zauna suka sha shayi." Ya sunkuya ya fara janye buhunan, ya rage murya. "Yana nan ƙasa tun safe. Kada zafin ya dame ka, huji goma sha biyu na yi wa murfin da hannuna, iska tana shigar masa."