Matatar Malam Barau

Tun da aka kafa dokar cewa duk mai talla a intanet sai ya yi amfani da kayansa a gida, kyamara na kallonsa kullum, sayayya ta koma leƙen gidajen mutane.

Ruwan rijiya ya kwantar da 'yar Lantana, don haka ta ɗauki waya tana neman matatar ruwa. 'Yan talla suka yi ta rantse-rantse, kowa ya kurɓi kaɗan ya yi murmushi.

Da ta iso kan wani Malam Barau, sai ya ce, "Baiwar Allah, tawa akwai nawa wajen tacewa, murfinta kuma ba shi da ƙwari. Ki yi shawara tukuna."

Hankalin Lantana na bayansa. Can ta hango matarsa ta tari ruwa daga matatar, ko dubawa ba ta yi ba, ta shiga ba wa jaririnta ruwan da cokali.

"Malam, aiko min da ita yau," in ji Lantana. "Allah ya raya."

Matar ta ji muryar. Ta ce amin a hankali, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskar yaron.